Roƙon Fili Domin Kawo Rahoton Taron 'Yan Jarida na Johannesburg da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kai da dukkan ma'aikatan wannan jarida kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne domin in sanar da kai da masu karatu cewa, idan Allah Ya yarda, zan halarci taron shekara-shekara na 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf na nahiyar Afirka, wanda aka fi sani da AIJC, da aka saba gudanarwa a Jami'ar Witwatersrand da ke birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Ni ma'aikaci ne a sashen labarai na wani gidan rediyo a nan Kano, kuma abin da nake nema a wurinka shi ne ka ba ni fili a shafukanka, in riƙa aiko da bayanin abin da aka tattauna da harshen Hausa, tun ina can har bayan na dawo. Da yake filin jarida amana ce a hannunka, ya dace in bayyana maka dalilina da irin shirin da nake yi, domin ka auna ka gani ko abin ya cancanci wurin da zai ci.

Cibiyar koyar da aikin jarida ta wannan jami'a, wadda mutanen garin suke kira Wits a taƙaice, ita ce take shirya taron. Yakan faɗo tsakanin ƙarshen Oktoba da watan Nuwamba, ya ɗauki kwana uku, kuma ɗaruruwan 'yan jarida da editoci da malaman jami'a daga ƙasashen Afirka da ma wajenta sukan hallara. A wannan jami'a ce aka yi babban taron duniya na masu wannan fanni a 2017, karo na farko da aka kawo shi Afirka. Daga cikin al'adun taron akwai laccar tunawa da Carlos Cardoso, ɗan jaridar Mozambik da aka harbe a Maputo ranar 22 ga Nuwamba, 2000, a lokacin da yake bin diddigin wata almundahana ta miliyoyin daloli a babban bankin kasuwanci na ƙasarsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum cewa waɗanda suke haɗuwa a wurin sun san nauyin sana'ar da suka ɗauka, kuma wanda ya samu damar zama cikinsu bai kamata ya ɗauki abin a matsayin yawon buɗe ido ba.

Malam Edita, abin da ya fi damuna, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne yadda muke zuwa tarurrukan ƙara wa juna sani mu dawo ba tare da wani ya ƙaru da mu ba. Kai ma ka san yadda abin yake. Mutum zai tafi Abuja ko Legas ko ƙasar waje, a ga hotunansa a Facebook yana rataye da katin shaidar mahalarta, ya dawo da jaka mai tambari da takardar shaida, abokan aiki su yi masa barka da dawowa, daga nan maganar ta mutu. Idan ma an rubuta labarin taron, ba ya wuce layin nan da kowa ya haddace: wane ya yi kira ga 'yan jarida da su riƙa bin ƙa'idojin aiki, wane kuma ya buƙaci gwamnati da ta ƙara ƙaimi. Jawabin buɗe taro kawai ake ɗauka, domin shi ne mai sauƙin rubutawa, alhali ilimin da aka je nema yana cikin ƙananan ɗakunan da ake zama bayan manyan baƙi sun tafi. Matashin da yake aiko da rahoto daga Gwarzo ko Birnin Kudu ko Maraɗi, wanda mai yiwuwa ba zai taɓa samun kuɗin jirgi ba, shi ne ya fi kowa buƙatar wannan ilimi, kuma shi ne ba ya samun komai. A ganina, duk wanda aka ɗauki nauyinsa ya je irin wannan taro ɗan aike ne, kamar yaron da gida ya haɗa kuɗi ya tura kasuwa, kuma ba ya halatta ya dawo ya ce kasuwa ta ci, ya yi shiru a kan saƙon da aka ba shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin aikin jarida na Hausa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya tafi Ingila cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe da sauransu. Da ya dawo bai riƙe abin da ya gani a cikinsa ba, ya rubuta shi da Hausa a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka san yadda tafiyar ta kasance. Shi ya yi wannan a zamanin jirgin ruwa da keken rubutu. Mu da muke da waya a aljihu, wadda za ta aika rubutu daga Johannesburg ya iso Kano kafin mutum ya ajiye ta, ba mu da wani uzuri.

Shirin tafiya iri biyu ne, akwai na takardu da kaya, akwai kuma na kai. Na farkon zan ambace shi a gurguje, saboda masu karatu da za su yi irin wannan tafiya nan gaba. Bayan fasfo da biza, wadda ya kamata a nema da wuri tare da takardar gayyata da shaidar masauki, babban abin da matafiyi daga Najeriya bai kamata ya yi wasa da shi ba shi ne katin nan mai launin rawaya na shaidar allurar rigakafin zazzaɓin shawara. Dole ne a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma a karɓi katin daga hannun hukumar da ke da alhakin bayar da shi, ba daga masu tsayawa a bakin ƙofa ba. A watan Maris na 2012, Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin sama a kan zargin cewa katunansu ba na gaskiya ba ne, Najeriya ta rama, aka yi ta sa-in-sa har sai da Afirka ta Kudu ta nemi afuwa. Wani ƙaramin abu kuma da yakan jawo babbar wahala shi ne soket. Nasu mai ƙafa uku ne zagayayyu masu kauri, ba irin namu masu kusurwa ba, saboda haka wanda bai tafi da adafta ba zai wayi gari kwamfutarsa da wayarsa babu caji a ranar da ya fi buƙatarsu. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Birnin Johannesburg yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,750, kuma a wannan lokaci na shekara hadari yakan taso da yamma, don haka rigar sanyi mara nauyi da lema suna da amfani. Daga filin jirgin OR Tambo akwai jirgin ƙasa na Gautrain da yake kai mutum cikin gari, jami'ar kuma tana unguwar Braamfontein, ba nisa da Fordsburg da Mayfair, inda ake samun masallatai da abincin halal.

Shirin kai shi ne mai wuya, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. A irin wannan taro ba zama ɗaya ake yi ba. A sa'a guda za a iya samun zama da yawa suna gudana a ɗakuna daban-daban, wani a kan bin sawun kuɗi, wani a kan haƙar ma'adinai, wani a kan yadda ake amfani da wata manhaja. Wanda ya je ba tare da ya karanta jadawali ya yanke shawara tun daga gida ba, zai ƙare yana leƙa wannan ɗaki ya fita ya leƙa wancan, ko kuma ya bi ayarin 'yan ƙasarsu duk inda suka nufa. Ni na zauna da abokan aikina na tambaye su abin da yake yi musu tarnaƙi a aikinsu na kullum, kuma a kan amsoshinsu zan zaɓi ɗakunan da zan shiga, ko da kuwa akwai wani fitaccen mai jawabi a ɗakin da ke kusa.

Abin da suka fi nanatawa shi ne bin sawun kuɗin jama'a. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Jihar Kano kaɗai tana da 44 daga cikinsu. Yadda ake aiwatar da wannan hukunci, da abin da yake shiga asusun kowace ƙaramar hukuma, da abin da aka yi da shi, aiki ne na ɗan jarida, amma wakilanmu nawa ne suka iya buɗe kundin kasafin kuɗi su nemo layin da aka rubuta gyaran asibitin garinsu, su kwatanta shi da abin da aka saki, sannan su je su tsaya a gaban ginin su ga ko akwai rufi? Muna da Dokar 'Yancin Samun Bayanai tun 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, muna da shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni inda za a iya duba ko kamfanin da aka ba kwangila yana da rajista, muna kuma da ƙungiyoyi irin su BudgIT da suke sauƙaƙa alƙaluman kasafi. Kayan aikin suna nan, hannun da zai riƙe su ne ya yi ƙaranci. Kuma mun ga amfanin wannan hanya a ƙasarmu. Bayan gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400, an daɗe ana jiran kuɗin tsabtace garin Bagega, har sai da matasan Follow The Money, masu bin sawun kuɗin gwamnati, da ƙungiyoyin agaji da 'yan jarida suka matsa lamba aka saki kuɗin a farkon 2013. Ina so in zauna gaban waɗanda suka yi irin wannan aiki a Kenya ko Malawi ko Afirka ta Kudu, in tambaye su mataki-mataki: wace takarda suka fara nema, me suka yi da aka hana su, yaya suka tabbatar da alƙaluman kafin su buga.

Abu na biyu shi ne tantance hoto da bidiyo. Duk editan labarai a Arewa ya san wannan jarrabawa: da safe bidiyo zai shigo wayarka ta WhatsApp, an ce hari ne aka kai jiya a wani ƙauye na Zamfara ko Katsina, mutane suna ta kira suna tambayar me ya sa ba ku faɗa ba, kai kuma ba ka da hanyar sanin ko na jiya ne, ko na shekara biyar da suka wuce, ko ma daga wata ƙasa ya fito. Akwai misalin da nake so masu karatu su sani, domin a maƙwabtanmu ya faru. A tsakiyar 2018 wani bidiyo ya bazu, yana nuna sojoji sun tasa mata biyu da ƙananan yara biyu a gaba, suka harbe su. Gwamnatin Kamaru ta fara da cewa ƙarya ce. Masu bincike na BBC da wasu masu zaman kansu suka ɗauki siffar tsaunin da ya bayyana a bayan mutanen, suka yi ta kwatanta ta da hotunan tauraron ɗan'adam har suka gano wurin, kusa da garin Zelevet a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, dab da iyakar Najeriya. Suka duba gine-ginen da ke cikin bidiyon, wanne aka riga aka gina, wanne ba a gina ba tukuna, suka auna inuwar sojojin a ƙasa, daga nan suka ƙayyade cewa abin ya faru ne a farkon 2015. Suka kuma tantance irin bindigogi da kakin. A watan Satumba na 2020 kotun soja ta yanke wa sojoji huɗu hukuncin ɗaurin shekara 10. Abin lura shi ne akasarin kayan da aka yi wannan aiki da su kyauta ne, suna kan intanet, kuma wakilinmu da ya san tsaunukan Gwoza ko dazukan Birnin Gwari da idonsa ya fi wanda yake zaune a Landan damar gane wuri, in dai an koya masa hanyar. Wannan darasi ne da zan so in rubuta shi dalla-dalla, yadda mai karatu zai iya gwadawa da wayarsa.

Na uku shi ne tsaron ɗan jarida da tsaron wanda ya ba shi labari. Ba mu manta da Dele Giwa ba, wanda bom ɗin da aka aiko masa cikin ƙunshin wasiƙa ya kashe a Legas ranar 19 ga Oktoba, 1986, ko Norbert Zongo na Burkina Faso da aka kashe ranar 13 ga Disamba, 1998, ko Ahmed Hussein-Suale da aka harbe a Accra a watan Janairu na 2019. A Nijar an tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020, aka sake kama ta a 2023. A nan gida kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar da aka sha ɗaga wa masu rubutu, har aka yi masa gyara a 2024. Sai dai akwai wani ɓangare na wannan magana da ya shafe mu musamman, mu ma'aikatan rediyo. Jarida tana iya sakaya sunan wanda ya yi magana, amma murya ba ta ɓuya. Idan manomi ya gaya mana cewa 'yan bindiga sun sanya wa ƙauyensu haraji kafin a bar su su yi girbi, muka saka muryarsa a labaran yamma, to kowa a yankin ya gane shi, har da waɗanda yake magana a kansu, domin su ma suna sauraron rediyo. Wakilin da ya ɗauko muryar kuma a garin yake kwana, an san gidansu, an san makarantar 'ya'yansa. Zan nemi waɗanda suka yi aiki a gabashin Kongo da Somaliya da Mali in ji yadda suke yi da wannan, da yadda suke adana lambobi da saƙonni a waya idan aka tare su a shingen bincike aka ce su buɗe ta.

Ba hannu rabbana zan je ba, domin mu ma muna da abin da za mu faɗa. Akasarin jawaban taron da Turanci ake yin su, kuma yawancin dabarun tantance labari an gina su ne a kan rubutu. Ƙungiyoyin tantance labari irin su Africa Check, wadda aka kafa a Johannesburg a 2012, da Dubawa da ta fara aiki a Najeriya a 2018, sun yi ƙoƙari sosai. Amma jita-jita a ƙasar Hausa da murya take tafiya: saƙon murya na minti uku da wani zai ɗauka cikin natsuwa, ya fara da sallama da salati, ya ce wani likita ne ya gaya masa, kafin azahar ya zaga daga Sakkwato zuwa Damagaram. Waɗanda suka ga watan Agusta na 2014 suna tuna daren da aka yi ta buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha domin kariya daga Ebola, abin da ya kwantar da mutane a asibiti har aka rasa rayuka. Haka nan shirye-shiryen siyasa na sojojin baka, da shirye-shiryen da masu sauraro suke bugo waya kai tsaye, suna da tasirin da baƙo ba zai fahimta ba sai an yi masa bayani. Ina da niyyar in ɗaga hannu in kawo wannan magana a duk zaman da ta dace, in tambaya ko akwai wanda ya samo hanyar bin sawun saƙon murya a harsunan Afirka. Zan kuma nemi 'yan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru, da mutanen cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta CENOZO da ke Wagadugu, wadda take ɗauke da sunan Norbert Zongo. Sau da yawa a irin waɗannan tarurruka masu Turanci suna gefe, masu Faransanci suna gefe, alhali ɗan Katsina da ɗan Maraɗi ba sa buƙatar tafinta, kuma labarin fasa-ƙwaurin mai da makamai da ƙwayoyi labari ɗaya ne da iyaka ta raba biyu.

Game da yadda zan yi rubutun, na ɗora wa kaina wasu sharuɗɗa da nake so ka riƙe ni a kansu. Ba duk abin da aka faɗa a ɗakin taro ne na bugawa ba. Akwai zaman da ake yi bisa ƙa'idar Chatham House, wadda aka tsara a Landan a 1927, wato kana iya amfani da abin da ka ji amma ba za ka bayyana wanda ya faɗa ko inda yake aiki ba. Akwai kuma 'yan jaridar da suke aikin ɓad-da-kama, waɗanda hoto ɗaya zai iya rusa musu aikin shekaru ko ya jefa su cikin haɗari. Shi ya sa Anas Aremeyaw Anas na Ghana ba ya bayyana a bainar jama'a sai fuskarsa a rufe. Saboda haka ba zan ɗauki hoton kowa ko muryarsa ba sai da izininsa, kuma idan wani ya ba da labarin binciken da bai kammala ba, zai tsaya a littafina. Zan bambance abin da mai jawabi ya faɗa da abin da ni na fahimta, domin mai karatu ya san inda maganar wani ta ƙare, tawa ta fara. Duk wani adadi da aka haska a allo, sai na nemi tushensa daga bakin mai shi kafin in aiko maka, kuma zan tambayi kowa yadda ake rubuta sunansa.

Ba zan yi rige-rigen aiko da labari ana tsakiyar jawabi ba. Na lura cewa mai yin haka hankalinsa yakan rabu, ya kama jimlar da ta fi daɗin ji ya saki hujjar da ta biyo bayanta. Littafi da biro zan riƙe a ɗakin, in kuma tsaya bayan an tashi, domin amsar da mutum zai ba ka a tsaye wurin shan shayi takan fi wadda ya bayar a kan mumbari fa'ida. Da dare zan zauna in rubuta abu ɗaya ko biyu da suka fi nauyi a ranar, da cikakken bayani, maimakon in lissafo duk zaman da aka yi. Rubutun kuma da Hausa zan yi tunaninsa tun daga farko, da misalan da mai karatunka ya sani. Idan an yi bayanin yadda aka bankaɗo kwangilar bogi a wata ƙasa, zan nuna yadda hanyar za ta yi aiki a kan rijiyar burtsatse ko ajin firamare a ƙaramar hukumarmu, in kuma faɗi inda ba za ta yi ba, domin ba kowace dabara ce take jure rashin wutar lantarki da tsadar data da jami'in da ba ya amsa wasiƙa ba. Mun ga yadda bincike mai kyau yake motsa hukuma: rahoton BBC na 2018 a kan shan maganin tari mai kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, bai yi kwanaki da fita ba gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin da shigo da shi. Amma matsalar ta daɗe a gaban idonmu kafin nan, iyaye sun sani, masu kemis sun sani, mu ma mun sani. Tambayar da nake so in dawo da amsarta ita ce me ya rage mana, na horo ko na kuɗi ko na goyon bayan masu gidajen watsa labarai, da ya sa ba mu muka fara kai labarin inda ya kai ba.

Akwai maganar da ya wajaba in faɗa a fili. Wata ƙungiya mai tallafa wa horar da 'yan jarida ce ta ɗauki nauyin tikitina da masaukina, kuma zan rubuta wannan a ƙarƙashin kowane rahoto da zan aiko. Mu da muke sukar al'adar karɓar kuɗin mota bayan taron manema labarai, bai kamata mu ɓoye wanda ya biya mana kuɗin jirgi ba. Tallafin bai zo da sharaɗin abin da zan rubuta ba, kuma idan na ga abin da bai gamsar da ni ba a taron, kamar fifita batutuwan da masu ba da tallafi suke so a kan waɗanda jama'a suke kuka da su, ko ƙarancin masu aiki da harsunan gida a cikin masu jawabi, zan faɗe shi da ladabi amma ba tare da rufa-rufa ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ka ware mini ɗan fili a kwanakin taron, da kuma wani fili mafi girma bayan na dawo, inda zan kawo darussan bin kasafin kuɗi da tantance bidiyo ɗaya bayan ɗaya, bayan na gwada su da hannuna a kan wani aiki na nan gida. Kana da cikakken ikon gyarawa da ragewa kamar yadda kake yi wa kowane rubutu, kuma ba na neman ko kwabo a kai. Ina kuma roƙon masu karatu, musamman wakilan da ke ƙananan hukumomi, da ma'aikatan gidajen rediyo na Najeriya da Nijar, da ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin kimiyya da fasaha, su aiko da tambayoyinsu ta hannun wannan jarida. Tambayar da ta fito daga aiki ita nake so, irin ta wanda ya rubuta wa hukuma aka yi banza da shi, ko wadda aka yi wa barazana bayan ta watsa rahoto, ko wanda yake da takardu a hannu bai san yadda zai tabbatar da ingancinsu ba. Idan ka amince a tattara su a ofishinka, zan zo in karɓa kafin ƙarshen watan Satumba, domin in samu lokacin fassara su da daidaita su da jadawalin taron, in san ɗakin da zan kai kowace.

Na gode da haƙurin karanta wannan doguwar wasiƙa. Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka, Ya kare ma'aikatanta.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin sashen labarai na gidan rediyo,
Kano.